Yadda ake neman lokeshon na fim da hoto, daga karanta labari har mayar wa maigida makullinsa

Kwanaki a wajen wani ɗaurin aure wani yaro ya ja ni gefe ya ce shi fa harkar fim yake so ya shiga, amma ba ya son fuskarsa ta fito, kuma ko kuɗin haya na kamara ba shi da shi balle na saye. Na ce masa kana da mashin? Ya ce akwai wani tsohon Jincheng na yayansa. Na ce ka iya gaisuwa? Ya yi dariya, shi a zatonsa wasa nake. Wallahi ba wasa nake ba, waɗannan biyun su ne jarin mai neman lokeshon, wato wurin da za a ɗauki fim ko hoto, sai wayar da ke ɗaukar hoto mai ɗan kyau, sauran duk a hanya ake koyonsu.

Abin da ya sa aikin yake da muhimmanci a wajenmu nan Kano shi ne mu ba mu da wani ƙaton sutudiyo da za a shiga a gina falo da kurkuku da asibiti da katako a rushe gobe. A 2016 gwamnatin tarayya ta so yin ƙauyen fim a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji, aka yi ta ce-ce-ku-ce har aka fasa, kowa ya san labarin. To duk falon da ka gani a fim ɗin Hausa kusan falon wani bawan Allah ne da yake kwana yake tashi a ciki, kuma akwai wanda ya je ya yi sallama a ƙofar gidan ya roƙa aka ba shi. Wannan mutumin nake so na koya maka zama.

Ka fara da labarin, kar ka fara da yawo

Kafin ka tada mashin ka karɓi sikirif ɗin, wato rubutaccen labarin fim ɗin, ka karanta shi kaf, ba a ba ka labari a baki ba, don darakta in yana ba ka labari abin da ya burge shi kawai zai faɗa, zai manta akwai wani sin ɗaya, wato fitowa ɗaya, na ofishin 'yan sanda a can ƙarshe wanda shi ne zai zo ya hana ka barci. Ka samu littafi ka ja layi, kowane wuri ka ba shi shafinsa: gidan Alhaji, ɗakin kishiya, shago, bakin rafi. A ƙarƙashin kowanne ka rubuta sin nawa ne a wurin, ciki ne ko waje, dare ne ko rana, mutum nawa kamara za ta gani, akwai mota ko babu, akwai faɗa ko kuka ko gobara. Wurin da ya kwashe sin arba'in shi za ka fi ba ƙarfi, wanda sin ɗaya ne na minti ɗaya kar ka kai mutane Tiga saboda shi.

Daga nan sai ku zauna da darakta da mai kamara da furodusa, su ukun, kuma ka sani tun yanzu ba abu ɗaya suke so ba. Darakta kyau yake so, mai kamara fili da haske, furodusa kuma araha da kusa. Ka matsa wa darakta da tambaya. In ya ce maka gidan mai kuɗi, ka ce wane irin mai kuɗi? Gidan tsohon attajirin cikin ganuwa mai zaure biyu da soro da barandar ƙarfe daban yake da gidan ɗan siyasar Nassarawa GRA mai tayil har katanga, kuma duk sun bambanta da na ma'aikacin gwamnati da ya lallaɓa ya gina ɗaki uku da falo. In fim ɗin na zamanin da ne to ka shiga uku kaɗan, don yanzu da wuya ka samu ƙauyen da za ka juya kamara ba ka ci karo da rufin kwano ko turken wuta ko ƙarfen sabis ko baƙar leda a maƙale jikin ƙaya ba.

Ka tara wurare tun ba a nema ba

Wanda ya iya aikin nan ba ya jira sai an kira shi. Duk inda ka je, biki ne, ta'aziyya ce, kai amarya ne, idonka na kan gini. Ka ɗauki hoto in an yarda, ka sa alamar wurin a Google Maps, ka ajiye a waya kashi-kashi, gidajen masu hali, gidajen ƙasa, makarantu, asibitocin kuɗi, gonaki da lambuna, duwatsu, bakin ruwa. Kowane wuri ka rubuta wa ke da iko da shi da kuma wa ya haɗa ka da shi. Kuma don Allah ka tura kwafi imel ko Google Drive, wayar da ake ƙwacewa a garin nan ba sai na faɗa maka ba.

Sanannun wurare kowa ya san su, Dutsen Dala da Goron Dutse in ana son a nuna gari daga sama, Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa in ana son ginin gargajiya mai zane, marinar Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 ake rini a wurin, lungunan Kurmi, ruwan Tiga da Bagauda, duwatsun Rano, in kuma akwai kuɗin tafiya a hau Jos don tsaunukan Shere da sanyi da kore. Amma gaskiya ba don waɗannan ake biyan ka ba, wannan ko direban bas ɗin zai kai su. Ana biyan ka ne don gidan nan da ba a taɓa gani a wani fim ba, don masu kallo sun gaji, akwai falon da in ya fito mata a gida suke cewa ai nan ne gidan da aka saki wance a wancan fim ɗin. Masu kai ka irin waɗannan sabbin wurare kuwa su ne dillalan gidaje, masu gadi, magina, masu fenti, masu haɗa labule, direbobin tasha da ke shiga ƙauyuka ranar kasuwa. Ka riƙe su da kyau, ka riƙa sa musu kati lokaci-lokaci ko ba ka da buƙata.

In ka isa wurin

Kar ka yi hoton kwalliya, ba gasar Instagram ka je ba. Ka tsaya a tsakiyar ɗaki ka ɗauki kowane bango, gabas, yamma, kudu, arewa, sannan ka koma kowace kusurwa ka ɗauko ɗakin gaba ɗaya, ka ɗauki silin, ka ɗauki ƙasa, tagogi, soket. Sai ka yi bidiyo guda ɗaya ba yankewa tun daga bakin titi, ka shigo ƙofar gida, ka bi har cikin ɗakin, don wanda bai zo ba ya gane yadda wurin yake haɗe. Ka sa mutum ya tsaya a ciki a hoto ɗaya ko biyu don a gane girman ɗakin, saboda kamarar waya maƙaryaciya ce, ɗakin da bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba sai ta mai da shi fili. Ka tafi da tef na awo. Ɗakin da ya ishi mata da miji zama ba lallai ya ishi mata da miji da kamara da fitilu uku da mai riƙe sandar makirfo da darakta da mai kontiniti (mai lura kar kaya su canja tsakanin sin da sin) ba. Ka lura da madubai da gilasan kabet da tayil mai sheƙi, su ne ke tona asirin ma'aikata a cikin fim.

Sai maganar rana, a nan zan ɗan daɗe don nan ne sababbi ke faɗuwa. Ka buɗe kamfas na wayarka ka rubuta inda kowace ƙofa da taga ke kallo. Gidan da ke kallon gabas da hantsi yake da kyau, mai kallon yamma sai la'asar sakaliya. Daga wajen sha ɗaya zuwa uku ranar garin nan tana tsakar ka, tana zuba baƙar inuwa a ƙarƙashin ido, ga mai baƙar fata da farar shadda kuwa mai kamara sai ya zaɓi ɗaya, ko fuska ko riga, don haka in sin ɗin waje dole sai a wannan lokacin to ka nemo inuwar darbejiya ko mangwaro ko rumfa. Kuma akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, a Kano daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta ɗan arewa take bi, sauran watanni kuma tana karkata kudu, ta fi karkata a Disamba. Ma'ana bangon da ka gani cikin inuwa a Janairu yana iya shan rana a Yuni. Akwai manhajoji irin su Sun Seeker da PhotoPills da za ka ɗaga waya su nuna maka hanyar da rana za ta bi a ranar da za a yi aikin, suna taimakawa sosai, amma duk da haka ka koma wurin da ƙafarka a daidai lokacin da za a ɗauki sin ɗin. Hasken yamma mai kyan nan kuma ba ya jira, nan da nan ake kiran magariba duhu ya rufa.

Ka yi lissafin shekara ma. Gonar da ka gani kore shar a Agusta, in aka ɗaga aiki zuwa Nuwamba kara kawai za ka tarar. Rafin da ka gani yana gudu, da rani yashi ne. Hanyar da mashin ɗinka ya bi lafiya a Maris, da damina bas mai ɗauke da janareta zai kafe a ciki. Da hunturu kuma hazo yana iya cinye Dala gaba ɗaya ka hau ka kasa ganin komai, ko da yake wani lokacin hazon nan yana tausasa haske fuska ta yi kyau, wasu masu hoto ma nemansa suke.

Yanzu ka yi shiru ka saurara

Ka kashe mashin, ka sa waya a aljihu, ka tsaya minti biyar ba ka ce komai ba. Ido ya gama nasa, saura kunne. Ni na taɓa samo wani gida mai tsakar gida kamar an zana, ga bishiya ga rijiya ga shiru, na je sau ɗaya da yamma na dawo ina ta cika baki. Ranar aiki ƙarfe tara na safe sai ga ƙara kamar jirgi zai sauka, ashe bayan katangar injin markaɗe ne, ranar da na je matar da ke da injin ta tafi biki. Haka muka wuni muna biyan matar kuɗin cinikin da za ta yi don ta kashe, ga layin yara da robobin wake suna harararmu. Tun daga ranar sai na zagaya bayan gida da ƙafa, kuma sai na tambayi yaran unguwa, don su ba sa ɓoye komai.

Abin da za ka nema: injin niƙa da na markaɗe, mai walda, janaretan maƙwabta, makarantar allo ko Islamiyya da lokacin tashinsu, titin da adaidaita sahu ke bi, gidan biki, karnuka, zakaru, unguwannin da ke kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano. Masallaci kuwa ba a maganar a rage lasifika, kai za ka tsara aikinka da lokutan salla, ka gaya wa mai tsara jadawali a tsaya azahar da la'asar, ranar Juma'a kuma kar a sa sin ɗin titi da rana. In ƙauye ne ka tambayi ranar kasuwarsu.

Bayan kunne sai abubuwan da ba sa fitowa a fim amma su ke sa a gama fim. Ina motoci za su tsaya ba a tare wa maƙwabci ƙofa ba. Ina za a ajiye janareta nesa yadda ƙararsa ba za ta shiga ba, kuma wayar za ta kai? Kar ka dogara da wutar KEDCO ko da mai gidan ya rantse maka ba a ɗaukewa a layinsu. Banɗaki nawa ne, don mutum talatin a banɗaki ɗaya rigima ce. Akwai ɗaki mai ƙofa da sakata da mata za su canja kaya su yi kwalliya? Wannan kar ka yi wasa da shi. Ruwa, wurin salla, wurin cin abinci, sabis na waya, asibiti mafi kusa. Sai tsaro, wanda yanzu ya zama tambayar farko in za a fita daji, ka tambayi mutanen yankin da direbobi halin da hanya take ciki a satin nan, ba a bara ba, kuma in zuciyarka ba ta kwanta ba ka haƙura da wurin komai kyansa, dutse ba ya ƙarewa.

Izini, inda gaisuwar nan take aiki

In gida ne, maigida za ka fara gani, kuma ya fi kyau wanda ya yarda da shi ya kai ka. Ka je da shiga ta mutunci, ka gaisa sosai, kar ka fara da maganar kuɗi. Ka faɗa masa gaskiya, Alhaji mu kusan talatin ne, kwana uku, daga safe har bayan isha, za mu matsar da kujeru, kuma a labarin gidan na wani mugun mutum ne. Wannan ta ƙarshen mutane ke ɓoyewa, kuma ita ce ke dawowa ta ci su, don ranar da fim ya fita 'yan unguwa suka gane gidan aka fara tsokanar 'ya'yansa a makaranta, kai zai nema ba darakta ba. Sannan ka roƙe shi ya shawarci uwargida, ko ka tura mace daga cikinku ta shiga ta gaishe ta ta yi mata bayani. Alhaji zai ce ba komai ya fice kasuwa, Hajiya ce za ta wuni da ku, kicin ɗinta ne, labulenta ne, kuma in ranta bai so ba wallahi aikin nan ba zai yi daɗi ba ko an sa hannu a takarda goma. In ɗan haya ne a gidan, sai ka samu yardar shi da mai gidan duka.

In ƙauye ne ko unguwa za a yi aiki a waje, ka bi ta kan mai unguwa, shi zai kai ka wajen dagaci, in abin babba ne har hakimi. Ka tafi da ɗan goro, ka cire takalmi, ka ce ranka ya daɗe mun zo neman izini da albarka. Ka nemi ya haɗa ka da mutum biyu ko uku na gari, 'yan sintiri ko matasa masu faɗa a ji, a biya su su tare 'yan kallo. Yaron gari da kalma ɗaya zai kori yara ɗari, kai baƙo ko ka shekara kana ihu ba mai motsawa.

Wuraren gwamnati takarda suke so, kuma takarda ba ta sauri, ka fara da wuri. Gidan Makama yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, Gidan Ɗan Hausa na hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano, madatsar Tiga kuma hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Ka tabbata furodusa ya gama da Hukumar Tace Finafinai ta jihar Kano wadda aka kafa tun 2001, ka riƙe kwafin takardunsa a jakarka, don in jami'ai suka zo wanda ya kawo mutane wurin ake fara tambaya. Dokokinsu suna canjawa, ka je ofis ka ji da kunnenka. In akwai kakin ɗan sanda ko bindigar wasa ko sin ɗin fashi ko sace mutum, ka je wajen DPO na yankin da wasiƙa kafin ranar, a yanayin da ake ciki mutum ya fito da bindigar roba a lungu ba sanarwa ai neman mutuwa ne. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi shi ma yana da izininsa daga NCAA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma kar a kuskura a ɗaga shi kusa da filin jirgi ko bariki ko gidan gwamnati.

Kuɗi da takarda

Ko gidan ƙanin babanka ne a rubuta. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa: ranaku, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, ɗakunan da aka yarda a shiga da waɗanda ba a yarda ba, nawa za a biya kuma yaushe, in an wuce lokaci nawa za a ƙara, in an fasa abu wa zai biya, da kuma cewa ya yarda gidan ya fito a talabijin da YouTube. Kowa ya sa hannu, da shaida. Ka sa furodusa ya ba da kafin alƙalami, cikon kuma a biya kafin a kwashe kaya ranar ƙarshe, don in motar kaya ta bar ƙofar gida an tafi kenan, kai za a bari da zuwa ba da haƙuri.

In shiri mai dogon zango ne to ka ƙara tambaya, Alhaji akwai niyyar fenti ko canja kujeru ko sayar da gidan nan da shekara? Akwai bikin 'ya a gaba? An sha dawowa ci gaban aiki a tarar falon ruwan toka ya koma ruwan hoda, sai marubuci ya ƙirƙiro dalilin da ya sa Alhajin fim ya tashi daga gidansa.

Naka kuɗin ma ka yanke shi tun farko, na nema daban, na zama a wurin ranakun aiki daban, man mashin da kati a kansu. Kuma kar ka tura wa kowa adireshi da lambar mai gida kafin a yi ciniki, hoto kawai, in ba haka ba za a zagaye ka a je a gama da shi kai kana gida kana jiran kira. Masu hoton kafin aure da masu tallan atamfa da leshi da masu bidiyon waƙa su ma kasuwa ce, sun fi sauƙi ma, mutum biyar ne awa uku sun tafi, su haske da bango mai kyau kawai suke so ba ruwansu da ƙarar injin markaɗe, don haka gidan da fim ya ƙi saboda hayaniya kar ka goge shi.

Kafin ranar, da ranar

Kowane muhimmin wuri ka kai wa darakta zaɓi biyu ko uku, wanda ya zaɓa ku koma tare da mai kamara da mai sauti da mai wuta, kowa ya ga matsalarsa da idonsa. Mai wuri na biyun kuma kar ka sallame shi, ka ce masa ana iya zuwa, saboda rasuwa tana faruwa, kana tashi da asuba a ce maka an yi rashi a gidan ko a maƙwabta, kuma ba mai hankalin da zai kunna fitila ya ce akshin ana zaman makoki. Ana gobe ka kira maigida ka tuna masa, ka tura wa direbobi alamar taswira da kwatance irin namu, bayan gidan mai, kwana ta biyu hannun hagu.

Ranar aiki kai ne na farkon zuwa. Kafin a taɓa komai ka ɗauki hoton kowane ɗaki yadda yake, da duk wani tsagu ko tabo da ka tarar, ka nuna wa mai gidan. Ka roƙi a kwashe kuɗi da sarƙoƙi da takardu a kulle a ɗaki ɗaya, hotunan iyali na bango a sauke. A shimfiɗa kwali ko tsohon bargo a inda ƙafafun fitilu za su tsaya, a ajiye buhun shara tun safe don ledar fiya wata da robar abinci, ba shan sigari a cikin gida, ba mai leƙa inda aka ce ba shiga ko da shi ne jarumin fim ɗin, kuma kai ne za ka faɗa masa, da ladabi amma ka faɗa.

In an tashi kowa zai yi ta sauri ya hau mota, kai ka tsaya. Ka buɗe hotunan safe ka mayar da kowace kujera inda take, a share, a kwashe shara a tafi da ita, a ɓanɓare tef daga bango a hankali kar ya taho da fenti. Ka zagaya da maigida ɗaki-ɗaki, in an fasa kofi ko an karya hannun ƙofa kai ka fara faɗa kafin ya gani, a biya a wurin. Ka miƙa masa makullinsa hannu da hannu, ka leƙa ka yi wa mai unguwa sallama, yaran da suka tare maka 'yan kallo a sallame su a gabanka. Bayan kwana biyu ka sake kira ka ji ko Hajiya ta ga wani abu da ya ɓata wanda ba a lura da shi ba da daddare, yawanci rimot ne ko cajar waya, ka duba jakar masu wuta, a can ake samunsu.